Darasin Wannan Wata: Fari A Illela, Laifin Gatari Ne Ko Na Teku?

Dattijon da ke Illela, ko Kalmalo, ko ƙetaren iyaka a Birnin Ƙonni, ba ya bukatar a ba shi labarin farin 1973 da na 1984. Ya gani da idonsa. Gero ya ƙone a tsaye. Rumbuna sun zama wayam. Shanu sun mutu a bakin rijiya. Kuɗin dabba ya faɗi warwas, na hatsi ya hau sama. Magidanta da yawa sun tafi cin rani, wasu ba su dawo ba sai bayan shekaru.

Abin da baki bai zo ɗaya a kai ba shi ne dalili. Wani ya ce sare itatuwa ne. Wani ya ce dabbobi ne suka yi yawa. Wani ya ce zamani ne kawai, ai kakanni ma sun sha yunwar Kakalaba a 1914. Kowa ya san ruwa na Allah ne, shi ya sa ake fita roƙon ruwa. Amma neman sanin hanyar da ruwan ke biyowa ba sabon abu ba ne. Manomi yana duban zuwan shamuwa da zubar ganyen gawo don ya gane damina ta kusa.

Masana kimiyya su ma sun yi wannan gardama, kuma sun daɗe suna yi. A cikinta an ɗora wa manomi da makiyayi laifi mai nauyi. Daga baya awo ya nuna wani wuri mai nisa, wato teku.

Daga Ina Ruwan Damina Yake Zuwa?

Daga Illela zuwa bakin teku a Legas ya fi kilomita 800 a miƙe. Yawancin mutanen yankin ba su taɓa ganin teku ba. Duk da haka, tushen ruwan damina daga can yake.

Ga yadda abin yake. Rana tana dukan ruwan teku, sai tururi ya tashi, kamar yadda yake tashi daga tukunya a kan murhu. Da bazara ƙasar Sahara tana yin zafi ƙwarai, fiye da teku nesa ba kusa ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama. Sai iska mai laima ta taso daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, don ta cike gurbin. Tana tura busasshiyar iskar arewa baya, sannu a hankali. Shi ya sa Legas ke samun ruwa tun watan Maris ko Afrilu, Zariya a Mayu, Illela a wajen Yuni. Agadas kuwa sai Yuli ko Agusta, shi ma ɗan kaɗan. A Satumba iskar ta fara janyewa, ta koma inda ta fito.

Mai karatu zai ce, ai hadari daga gabas yake tasowa. Gaskiya ne. Iskar da ke can sama ita ke kora hadari daga gabas zuwa yamma. Amma laimar da hadarin ke sha, iskar ƙasa ce ta kawo ta daga teku.

Illela tana kusa da ƙarshen tafiyar wannan iska. Masu noman rani sun san halin gonar da ke ƙarshen hanyar ruwa. In ruwa ya yi yawa tana samu. In ya ragu, ita ce ta farko da za ta rasa.

Baturen Da Ya Zo Da Rani

A 1934 wani malamin ilmin gandun daji daga Birtaniya, mai suna Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Da rani ya zo. Ya ga yashi, ya ga ƙura, ya ga itatuwa ba ganye. A 1935 ya rubuta cewa Sahara tana gangarowa kudu, kimanin kilomita ɗaya a shekara. Ya ce sassabe da ƙona daji da kiwo ne suka buɗe mata hanya.

Maganar ta tayar wa Turawan mulki hankali. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti na ma'aikatan gandun daji da masanin ƙasa. A 1936 da 1937 kwamitin ya bi yankin iyakar ƙasashen biyu yana dubawa. Ya tarar da wurare da suka lalace saboda sara da kiwo. Amma bai tarar da hamada tana tafiya kudu ba. Tuddan yashin da suka tsorata Stebbing, da yawansu tsofaffi ne, ciyawa da itatuwa sun riƙe su tun da daɗewa.

Da Stebbing ya tsaya har watan Agusta, da ya ga wata ƙasa daban. Baƙon da ya zo Illela a watan Maris kaɗai ba zai yarda ana noman gero a nan ba.

Bayan haka aka shiga shekarun 1950, ruwa ya wadata. Manoma suka yi ta buɗe gonaki can arewa, inda da makiyaya ne kaɗai. Aka manta da zancen hamada.

Yadda Laifi Ya Koma Kan Talaka

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, daga Senegal har Sudan. Fari ya kai maƙura a 1972 da 1973. Duniya ta tambaya, me ya faru?

A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani. Ya ce a dubi farar riga da baƙar riga a cikin rana. Baƙa tana shan zafi, fara tana mayar da hasken. Ƙasa mai ciyawa da itatuwa kamar baƙar riga ce. Ƙasar da dabbobi suka cinye ta zama farin yashi kamar farar riga ce. In ƙasa ta mayar da hasken rana sama, iskar da ke kanta ba za ta yi ɗumin tashi ba. In iska ba ta tashi ba, gajimare ba zai haɗu ba. Ba ruwa, ba ciyawa. Ba ciyawa, ba ruwa. Haka abin zai yi ta zagayawa.

A wannan shekara kuma wani mai bincike, Hugh Lamprey, ya bi ta saman Sudan a jirgi. Ya gwada abin da ya gani da wata taswira ta 1958. Ya ce hamada ta matso kudu kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kilomita biyar da rabi a shekara. Wannan lissafi ya bazu ko'ina. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a Nairobi kan kwararowar hamada.

Bayanin yana da daɗin ji, kuma manyan mutane ne suka kawo shi. Sai ya zama kamar magana ta ƙare. Mai gatari da mai sanda su ne masu laifi. A Nijar doka ta ɗauki itatuwa a matsayin kayan gwamnati, har manomi na iya biyan tara don ya sassare reshen itacen da ke gonarsa. Mutumin da fari ya cinye wa dukiya, shi aka ce ya jawo farin.

Amma wasu masana ba su gamsu ba. Suka ce a auna. Ba zagi suka yi ba, kuma ba su ce Charney maƙaryaci ne ba. Tambayoyi suka yi. Ta yaya fari zai faɗa wa Senegal da Mali da Nijar da Cadi da Sudan a shekara guda? Duk makiyayan waɗannan ƙasashe sun haɗa baki ne? Me ya sa aka yi fari a 1913, lokacin da mutane da dabbobi ba su kai haka yawa ba?

Tauraron ɗan'adam ya taimaka. Shi yana ɗaukar hoton ƙasa daga sama, rani da damina, kowace shekara. A 1991 masana a Amurka suka fitar da abin da hotunan shekara goma suka nuna. Daga 1980 zuwa 1984 bakin hamada ya matso kudu kimanin kilomita 240. Daga 1984 zuwa 1985, da ruwa ya ɗan samu, ya koma arewa kimanin kilomita 110 a shekara ɗaya tak. Wato bakin hamada yana gaba yana baya, yana bin ruwan sama. Lamprey ya gwada shekarar wadata da shekarar fari ne, ya ɗauka tafiya ce wadda ba ta komawa.

Sai Aka Dubi Teku

Jiragen ruwa sun daɗe suna auna zafin teku, tun fiye da shekara ɗari da hamsin. Ma'aikacin jirgi yana jefa guga, ya jawo ruwa, ya tsoma ma'aunin zafi, ya rubuta a littafi. An tara irin wannan rubutu tuli.

A 1986 wasu masana uku a hukumar kula da yanayi ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka ɗauko wannan rubutu. Suka jera shi kusa da lissafin ruwan sama na yankin Sahel, daga 1901 zuwa 1985. Sahel shi ne sunan wannan yanki na bakin Sahara, wanda Illela ke ciki. Suka ga abin mamaki. A shekarun da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi, Sahel tana fari. A shekarun da na arewa suka fi ɗumi, Sahel tana samun ruwa.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Hadari yana son inda ɗumi yake. In tekun kudu ya yi ɗumi, ruwa sai ya sauka can, iskar damina ba ta ƙarasowa arewa da ƙarfi. A 1984 ruwan tekun da ke kudu da Nijeriya ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba. Akwai kuma wani ɗumi da kan taso a Tekun Fasifik bayan 'yan shekaru, ana kiransa El Nino. Ya zo a 1972, ya sake zuwa da ƙarfi a 1982 zuwa 1983. Mai karatu ya gwada waɗannan shekaru da shekarun fari.

Masu shakka suka sake ɗaga hannu, kuma suna da gaskiya. Suka ce abu biyu na iya faruwa tare ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Zakara yana cara, alfijir yana ketowa, amma ba zakara ne ya kawo alfijir ba.

Amsa ta zo a 2003. Wata masaniya 'yar Italiya mai aiki a Amurka, Alessandra Giannini, da abokan aikinta biyu suka yi gwaji da kwamfuta. Sun ba kwamfutar dokokin tafiyar iska da tururi. Sun ba ta zafin tekunan duniya na kowace shekara, daga 1930 zuwa 2000. Ba su gaya mata an sare ko itace ɗaya ba. Ba su gaya mata yawan shanu ba. Sai ga kwamfuta ta fitar da wadatar ruwa a shekarun 1950, ta fitar da raguwarsa a shekarun 1970 da 1980, kusan yadda aka gani a ƙasa. Sun nuna cewa ɗumin Tekun Indiya yana da hannu sosai a ciki.

To, Charney ya yi kuskure ke nan gaba ɗaya? A'a. Bincike ya nuna ƙasa tsirara tana ƙara wa fari ƙarfi, tana kuma sa ya daɗe. Teku ne ya kunna wutar. Rashin ciyawa da itatuwa ya ƙara mata iska. Don haka kada wani ya karanta wannan darasi ya ɗauki gatari. Itace yana tare iska, yana riƙe ƙasa, gawo yana ba gona taki da dabba abinci. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga wajen 1983, manoma suka fara barin tohon kututture yana girma a gona, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 ya sake samun itatuwa ta wannan hanya. Manoman da aka ɗora wa laifi su ne suka yi aikin.

Me ya sa tekun arewa ya yi sanyi a waɗancan shekaru? Nan har yanzu akwai gardama. Wasu masana sun ce hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ne. Hayaƙin kwal yana da farar wuta a ciki, yana tare hasken rana kamar hazo. Ya yi yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ragu bayan an kafa dokokin tsabtace iska a can. Wasu kuma sun ce Tekun Atlantika yana da nasa juyi, ya yi ɗumi na shekaru, ya yi sanyi na shekaru. Da yawa suna ganin duka biyun sun haɗu.

Shin Awon Tekun Gaskiya Ne?

Yau masana sun ce tekun duniya baki ɗaya yana ƙara ɗumi. Sun ce ƙona kwal da man fetur da gas yana fitar da wata iska mai suna kabon. Ita ba ta tare hasken rana kamar hayaƙin farar wuta. Tana barin haske ya shigo, ta hana zafi fita, kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu tana kashi 280 cikin miliyan na iskar duniya. A 1958 an auna ta kusan 315. A 2024 ta wuce 420. Nahiyar Afirka duka, kimanin kashi 4 cikin 100 take fitarwa.

Kusan kashi 90 cikin 100 na zafin da wannan bargo ya tare, teku ne ke shanye shi. Ruwa yana riƙe zafi fiye da yashi. Yashi yana ƙona ƙafa da azahar, da dare ya yi sanyi. Ruwan da aka dafa a babbar tukunya kuwa yana kwana da ɗuminsa.

A nan ma an samu masu shakka. Tambayarsu ta farko a kan guga ce. Wasu jirage da gugan katako suke awo, wasu da na tamfol. Gugan tamfol yana tsatsafo kamar randa ko salka, ruwan ciki yana yin sanyi kafin a auna. Daga baya jirage suka koma auna ruwan da ke shiga ɗakin inji, shi kuma yana ɗaukar ɗumin inji. Masu shakka suka ce, wataƙila ma'auni ne ya canja, ba teku ba.

Wannan tambaya ce mai kyau. Ɗan kasuwar hatsi ya san mudu ya fi mudu. Masana suka gwada guga iri iri don su san yawan sanyin da kowanne ke jawowa, suka gyara lissafi. Folland da Parker ɗin nan suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Daga shekarar 2000 kuma aka fara zuba wasu na'urori a teku masu suna Argo. Sun kai kusan 4,000. Kowace tana nutsewa har mita 2,000, ta taso bayan kwana goma tana awo, ta aika da sakamako ta tauraron ɗan'adam. Ba guga, ba inji.

Tambaya ta biyu ta fi zafi. Shekarar 1998 ta yi zafi ƙwarai saboda El Nino mai ƙarfi. Shekarun da suka biyo baya ba su wuce ta sosai ba. Sai wasu suka ce ɗumama ta tsaya. Amma fara ƙirga daga 1998 kamar manomi ne ya fara ƙirga daga shekarar da ya fi samun dami a rayuwarsa. Duk shekarar da ta biyo za ta zama kamar hasara. Na'urorin Argo sun nuna zafi bai daina shiga cikin teku ba. A 2015 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta gyara lissafinta, domin awon jirage ya fi na na'urori masu yawo a kan ruwa da kimanin kashi ɗaya cikin goma na digiri. Wasu 'yan majalisar Amurka suka zarge ta da coge. A 2017 wasu masana daban suka sake lissafin da na'urori kaɗai da tauraron ɗan'adam. Suka samu amsa iri ɗaya. Kafin nan ma 2014 da 2015 da 2016 kowacce ta fi ta gabanta zafi, sannan 2023 da 2024 suka wuce su duka.

Akwai wani masani a Amurka, Richard Muller, wanda ya yi shakkar lissafin zafin duniya a fili. Bai tsaya ga magana ba. A 2010 ya haɗa nasa ma'aikata, suka tattara awon dubban tashoshi na kan tudu, suka sake lissafi daga farko. Wani ɓangare na kuɗin aikin daga gidauniyar wani attajiri mai harkar man fetur ya fito. A 2012 Muller ya fito ya ce ɗumamar gaskiya ce, kuma aikin ɗan'adam ne ya fi jawo ta. Akwai kuma masu shakkar da ko an kawo musu awo goma, magana ɗaya suke maimaitawa. Irin wannan ba ta ƙara wa kowa sani.

Abin Da Aka Sani Da Abin Da Ake Jira

Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo Sahel. Amma bai dawo da halinsa na da ba. A 2017 wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku tun 1982. Masu binciken sun danganta haka da ƙarin zafin Sahara. Mutanen Jihar Sakkwato sun tuna ambaliyar Satumba 2010, wadda ta cinye gonaki a bakin Gulbin Rima, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. A watan Afrilu na wannan shekara ta 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Zafi zai ƙaru, a kan wannan masana sun yarda. Ruwa mai ƙarfi a lokaci guda shi ma zai ƙaru. Amma jimlar ruwan shekara fa? Nan kwamfutoci ba su ba da amsa ɗaya ba. Da yawa sun nuna tsakiyar Sahel da gabashinta za su ƙara samun ruwa, yamma wajen Senegal ta ragu. Wasu kaɗan sun nuna fari. Duk wanda ya zo ya rantse cewa ya san yawan ruwan Illela nan da shekara talatin, ya wuce abin da awo ya nuna.

Sannan ba kowace matsalar ruwa ce daga teku ba. Tafkin Kalmalo misali ne. Ruwansa daga kwarin Majiya yake gangarowa, ta ƙasar Nijar. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 an gina madatsun ruwa a Mozage da Zango don noman rani na Ƙonni. A daidai wannan lokaci kuma fari ya yi tsanani. Ruwan da ke isowa tafkin ya ragu. Wanda ya ce fari ne kaɗai bai faɗi duka ba. Wanda ya ce madatsa ce kaɗai shi ma haka. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri kan rabon ruwan da ke ratsa iyakarsu, kuma Majiya tana ciki. Irin wannan rabo ba ya yiwuwa sai an auna abin da ya sauka da abin da ya wuce.

Awon Ruwa A Gida

Saboda teku yana jinkirin canjawa, zafinsa a farkon shekara yana ba da alamar damina mai zuwa. Da shi hukumar NiMet ke amfani wajen fitar da hasashen damina kowace shekara. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ita ma tana yin haka don ƙasashen Sahel. Hasashe ne, wani lokaci yana dacewa, wani lokaci yana kuskure. Wanda ya iya karatu da rubutu yana iya gwada shi da kansa.

A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne. A cire murfin gaba ɗaya. A ɗora shi a kan turke a fili, nesa da itace da indararo, inda akuya ba za ta ture shi ba. Kowace safiya bayan ruwa, a tsoma rula a miƙe, a karanta zurfin ruwan da milimita. A rubuta kwanan wata da lambar a littafi, sannan a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri. Milimita ɗaya yana nufin lita 10,000 a kan hekta ɗaya.

Wani mai bincike a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, Sivakumar, ya duba lissafin ruwa na shekaru masu yawa. A 1988 ya kawo wata ƙa'ida. Ana cewa damina ta kama in an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ruwa bai ɗauke fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo. Ya kuma gano cewa in damina ta kama da wuri, yawanci tana yin tsawo. In ta makara, yawanci gajeruwa ce, sai a nemi iri mai saurin nuna.

A ajin yaƙi da jahilci, ɗalibai na iya raba aikin. Ɗaya ya ajiye gwangwani a gabas da gari, ɗaya a yamma. A gefen shafi a rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar da rediyo ta ce ruwa zai sauka, da ranar da aka yi shuka, da yawan damin da aka ɗaure da kaka. In littafin ya cika, a ba malamin aji ya ajiye, a buɗe sabo.